A bar wa tsohon madubi shekarunsa

Sana'ata jere. Ɗakin amarya, falon wanda ya tare a sabon gida, majalisin baƙi da ake son a sabunta kafin salla, duk ina yi a nan Jidda, wani lokaci har Makka in an kira ni. A hannun mahaifiyata na koya, ita kuwa da kwalla da langa ta fara tun a Kano, kafin aure ya kawo ta ƙasar nan. Cikin duk kayan da hannuna ke taɓawa babu wanda nake ƙauna kamar tsohon madubi mai firam ɗin katako da aka lulluɓe da zinariya, kuma babu wanda nake ganin ana cutarwa kamarsa. Masu cutar da shi ba maƙiyansa ba ne. Masu shi ne, kuma da niyyar gyara suke yi.

Maganata ɗaya ce: in Allah ya haɗa ku da irin wannan madubi, ko ta gado ko ta kasuwa, kada ku fesa masa fenti, kada ku yi saurin canza masa gilashi, ku nema masa bangon da zai zauna lafiya. Amma na san ba za a ji ni ba sai na faɗi yadda ake yin sa, domin wanda bai san wahalar da ke ƙarƙashin ƙyallin nan ba, ba zai ji zafin ɓata shi ba.

Mutanenmu sun san zinariya. Matar da ta yi shekaru a Jidda ko da ido za ta gaya miki wannan sarƙa 21 ce, waccan 18. Saboda haka in na ce firam ɗin nan zinariyar gaske ce a jikinsa, tambayar farko ita ce giram nawa. Amsar ba ta faranta musu rai. Zinariyar da ake mannawa a katako falle ce da aka daka aka shimfiɗa har ta fi fatar albasa siranta nesa ba kusa ba. Sai an tara falle wajen 10,000 kafin su kai kaurin milimita ɗaya. Ana sayar da ita a ɗan littafi mai falle 25, kowane falle faɗinsa wajen santimita 8, kuma duk zinariyar da ke cikin littafin ba ta cika kai rabin giram ba. Wanda ya kankare firam don ya kai wa maƙeri ya yi asarar firam, bai kuma samu kuɗin mota ba. Darajar abin a aikin hannu take.

Ga yadda aikin yake, kamar yadda na sha gani a shagon wani dattijo ɗan Masar da nake kai wa gyara, wanda nake kira Usta, wato gwanin sana'a. Bayan masassaƙi ya gama fitar da furanni da ganyaye a katako, sai a kwaɓa garin alli da gam ɗin da aka dafa daga fatar zomo, a riƙa shafawa da ɗuminsa, shafi bisa shafi, takwas ko goma ko fiye, kowanne sai ya sha iska kafin a ɗora na gaba. In ya bushe a goge shi ya yi sumul. A manyan ayyuka har sake sassaƙa jijiyoyin ganye ake yi a cikin allin, saboda kaurinsa ya cike su. Daga nan sai a shafa wani yumɓu mai laushi, galibi ja, wani lokaci rawaya. Sai a zo kan zinariyar. Ba a taɓa ta da yatsa, ko numfashi mai ƙarfi yana tashin ta. Usta yakan jiƙa ɗan wurin da ruwa, ya ɗauko fallen da wani faffaɗan burushi mai laushin gashi, ya kusanto da shi, ruwan da kansa ya fizge shi ya kwantar. In ya bushe sai ya ɗauko dutsen aƙiƙ mai lanƙwasa ya goge wuraren da suka tudu har su yi walƙiya, ya bar lunguna da kwaruruka yadda suke, ba gogewa. Wannan bambanci tsakanin wurin da aka goge da wanda aka bari shi ne ran firam ɗin. Shi ke sa fure ya fito kamar za a tsinke shi, shi ke sa in kin gifta da fitila hasken ya bi ki.

To, ja-jan nan da kuke gani yana leƙowa a gefuna da kan furanni, ba tsatsa ba ce, ba datti ba ne. Yumɓun nan ne na ƙarƙashi, ya fito a inda hannaye da tsumma suka riƙa bi shekara da shekaru. Masu sanin abin shi suke fara nema. Masu yin sababbi ma da gangan suke kankare zinariyar don jan ya fito, su kwaikwayi abin da naku ya samu a kan lokacinsa.

Akwai hanya ta biyu mai sauƙi, wadda ake shafa wani mai mai danƙo a manna fallen a kai. Ita ba a goge ta da aƙiƙ, haskenta ɗaya ne ko'ina, amma ta fi jure ruwa. Akwai kuma falle na jabu da ake yi da jan ƙarfe da tutiya; yana da kyau yana sabo, amma shi yana dusashewa, ya koma ruwan ƙasa ko ya yi kore-kore. Zinariyar gaske ba ta yin haka ko ta shekara ɗari biyu. Ƙura dai takan rufe ta.

Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, lokacin da aka rushe tsofaffin unguwannin Jidda irin su Sabil da Karantina da Gulail, jama'armu da yawa sun tashi, kowa ya nufi inda ya samu haya. Gwaggona na cikinsu. Tana da wani dogon madubi da marigayi mijinta ya samu kyauta daga gidan wasu 'yan kasuwa da ya yi wa tuƙi shekaru masu yawa. Tun ina yarinya nake ganinsa a jingine a ɗakinta, mai kan baka, da jerin 'yan duwatsu kamar tsakiya a zagaye da shi, jan yumɓunsa duk ya fito a ƙasa inda ake riƙewa. Da na je yi mata jere a sabon wurin, na tarar da shi rawaya fau tun daga sama har ƙasa, launi ɗaya, duk 'yan tsakiyar nan sun cushe.

Na ce, "Gwaggo, wa ya yi wannan aiki?"

Ta ce, "Ɗan'uwanki ne, 'yar nan. Cewa ya yi tunda sabon gida za mu shiga, bari ya sabunta mini shi. Har kuɗinsa ya biya wa mai fenti."

Na ce, "Allah ya yi masa albarka, Gwaggo." Me zan ce? Yaro ya so ya faranta wa uwarsa. Amma ita kanta ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Ni dai kamar ba nawa ba."

Na ɗauki hotonsa na kai wa Usta. Ya ce, "Hajiya, fentin gwangwani garin tagulla ne a cikin mai, ba zinariya ba. Ki ba shi 'yan shekaru zai yi duhu kamar tsohon kwabo. Zan iya cire shi a hankali da auduga, amma aikin sati da sati ne, kuma wani wurin zai taho da zinariyar." Kuɗin da ya faɗa ya fi ƙarfin Gwaggo a lokacin da take fama da haya. Madubin yana nan, ya kuma fara duhun da aka ce. Garin neman gira aka rasa ido, kuma irin wannan na gani a gidaje ba ɗaya ba, ba biyu ba, musamman a shekarar nan ta ƙaura.

Sai gilashin. Shi ma yana da nasa labari, kuma sanin labarin zai hana ku jefar da abin da ba ya maimaituwa. A ƙarni na 16 mutanen Venis ta Italiya, a tsibirin Murano, su ne suka riƙe sana'ar madubi mai kyau. Sukan shimfiɗa fallen kuza, su zuba masa zaiba, su zura gilashi a kai su danne, haɗin ya manne a bayansa. Tsadarsa ta sa sai sarakuna da manyan attajirai. Faransa ta gaji da saye, a 1665 ministan Sarki Luwis na 14, Colbert, ya kafa masana'antar madubi ta sarki, aka zawarci ma'aikata daga Venis; ita ce ta zama kamfanin Saint-Gobain da har yau yake yin gilashi. Da madubansu aka ƙawata dogon zauren nan na fadar Versailles, wanda aka gina tsakanin 1678 da 1684, mai madubai 357 a jere cikin baka 17, kowace baka tana fuskantar taga. A zamanin yin babban gilashi guda ɗaya abu ne mai wuya, shi ya sa ake harhaɗawa. Don haka in kun ga tsohon dogon madubi gilashinsa biyu ne, ɗaya bisa ɗaya da layi a tsakani, kada ku ɗauka fashewa ya yi aka yi masa faci. Sau da yawa haka aka haife shi.

Aikin zaiba ya lalata lafiyar ma'aikata da yawa, da karkarwa da zubewar haƙora. A 1835 wani masanin kimiyya Bajamushe, Justus von Liebig, ya fito da hanyar kwantar da azurfa a bayan gilashi, kuma kafin ƙarni na 19 ya ƙare ita ta kori tsohuwar hanyar. Madubin zaiba ana gane shi. Haskensa yana da sanyi, ya ɗan yi toka-toka, kuma in kin haska shi da tocila daga gefe za ki ga yana ƙyalƙyali ɗis-ɗis kamar an barbaɗa yashi mai sheƙi, musamman daga ƙasa. Na azurfa kuwa in ya tsufa tabo yake yi, baƙi ko ruwan ƙasa, yana farawa daga gefuna. Wanda ke da na zaiba ya kiyaye abu biyu: kada ya kwantar da shi ko ya juya kansa ƙasa, domin zaibar takan tsattsafo ta taru a gindin firam, kada kuma ya buɗe bayansa a ɗakin da yara ke wasa. In an ga 'yan ƙwallaye masu sheƙi a ƙasa, ba a sharewa da tsintsiya ko injin zuƙar ƙura, a buɗe taga a nemi wanda ya san aikin. In yana rataye a tsaye ba a dame shi ba, yawanci zama yake lafiya.

Ni a ganina tabon gilashi ba aibi ba ne matuƙar tsakiyar tana nuna fuska. Sabon gilashi a tsohon firam yana da wani kaifi da ba ya jituwa da laushin tsohuwar zinariya, ido yana jin saɓanin ko mutum bai san dalili ba. Wadda take son na kwalliya ta sayi na zamani ta sa a ɗakin kwana, yana da araha. Wannan na falo aikinsa daban ne, haske yake tarawa ya rarraba. In kuwa gilashin ya mutu gaba ɗaya har dole a canza, a ajiye tsohon a naɗe, kada a zubar, ko don ranar da za a sayar.

Ta ina irin waɗannan madubai suka shigo garin nan? Jidda tashar jiragen ruwa ce tun fil azal, kuma bayan an buɗe mashigin Suwes a 1869 jiragen tururi suka riƙa sauke kayan Turai da na Istambul da na Masar, ga na Indiya daga ɗaya ɓangaren. Manyan gidajen 'yan kasuwa na Balad, tsohon cikin garin Jidda, masu tagogin katakon nan da ake kira rawashin, irin su Gidan Nasif da aka kammala a 1881, a wannan zamani suka yi tashe. Wanda ya zaga gidajen Balad da aka buɗe wa masu ziyara, tun bayan da UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, zai ga irin kayan ɗakin da suka yi amfani da su. Amma gaskiya ita ce mafi yawan abin da za ku tarar a kasuwar gwanjo, wadda a nan ake kira haraj, kamar Harajin Sawarik da ire-irensa, bai kai can ba. Na shekarun 1970 da 1980 ne, lokacin da kuɗin mai ya shigo kowa yana gina gida yana cika shi da kujeru masu zinariya, kuma da yawansu aikin Dimyaɗ ne, garin kafintocin Masar, inda suka ƙware a kwaikwayon salon sarakunan Faransa. Ban raina su ba ko kaɗan. Katako ne na gaske, sassaƙar hannu ce, kuma wanda ya shekara arba'in ko hamsin ya riga ya kwanta ya yi kyau. Abin da ba na so shi ne a sayar mini da shi da sunan ɗan shekara ɗari biyu. A bakin ɗan kasuwa kowane madubi na Faransa ne ko na zamanin daular Usmaniyya ta Turkiyya.

Saboda haka in na je saye, bayan madubin nake fara dubawa kafin fuskarsa. Tsohon gaske allunan bayansa sun yi duhu, ba su da santsin inji, ƙusoshinsa ba iri ɗaya ba ne. In na ga falankin zamani da ƙusar bindiga na san inda muka dosa. Sai in ɗaga gefe ɗaya in ji nauyi, in ƙwanƙwasa da farce: katako da alli suna da tauri da sanyi, roba kuwa tana amsawa fayau, ba nauyi. Sai in kwatanta furen dama da na hagu. Hannu ba ya yin abu biyu daidai wa daida. In sun zo ɗaya sak har da ɗigo, a mazubi aka zuba su. Wannan ma ba laifi ba ne, tun ƙarshen ƙarni na 18 ake zuba adon firam da haɗin alli da gam da ƙaro da mai, kuma irinsa in ya tsufa yana tsattsagewa a kai a kai, alama ce mai kyau ta shekaru. Daga ƙarshe sai in bi doguwar fuskar firam ɗin da ido ina neman sirantattun layuka masu ɗan ƙarin haske, tazararsu kamar faɗin tafin hannu. Nan ne falle ya hau kan falle. Fenti ba ya barin wannan. In kuma na ga 'yan ramuka kamar hudar allura da garin katako sabo yana zubowa, ƙwari na ciki da rai, ba zai shiga gidan kowa ba sai an yi masa magani, don zai iya kai su ga sauran kaya.

Akwai maganar da ba a cika yi ba a shafukan Turawa amma mu dole mu yi ta. Da yawa daga firam ɗin Turai suna ɗauke da siffar mai rai: jarirai masu fukafukai, kan mace, tsuntsaye, ko gaggafar da ke zaune a kan zagayayyen madubin nan mai tudu na Ingila na farkon ƙarni na 19. Mun san hadisin da ya zo a kan mala'iku da gidan da ke da sura, kuma yawancin gidajen da nake wa aiki ba za su rataya irin wannan ba. Abin da nake roƙo shi ne a duba tun a kasuwa. Kada a saya a kawo gida sannan a sa guduma a fasa, allin ya dare har cikin furannin da ba su yi laifin komai ba. Masu ganye da fure da igiya zalla suna nan da yawa. Wanda na fi so ma shi ne salon zamanin Sarki Luwi Filib na Faransa, wanda ya yi mulki daga 1830 zuwa 1848: kusurwoyin sama a lanƙwashe, na ƙasa a miƙe, ado kaɗan, ba hayaniya. Yana shiga kowane irin ɗaki, har majalisin zaman ƙasa. Wanda ya gaji mai sura kuwa, ya tambayi malaminsa, in cirewa za a yi a kai wa mai sana'a ya cire da kyau ya cike gurbin.

Yanzu bango. Nan ne aikina na gaske, nan ne kuma nake yawan jayayya da masu gida.

Madubi abin da ke gabansa yake maimaitawa, don haka kafin a buga ƙusa nakan tsaya a inda za a rataye shi in juya baya ga bango in ga me nake gani. In taga ce ko labule mai kyau ko fitila, madalla. Abin da maginan Versailles suka yi ke nan, kuma a ƙananan gidajen haya masu duhun falo yana aiki ƙwarai. Sai dai kada rana ta riƙa dukansa kai tsaye, zafin Jidda ba wasa ba ne. In kuwa ƙofar banɗaki ce ko tarin takalma, an ninka su ke nan. Abu mafi muhimmanci a gidajenmu shi ne sutura. Na taɓa shiga wani gida aka rataye babban madubi a mashiga, ashe duk wanda ya zauna a majalisin maza yana hango har cikin kicin ta cikinsa, matan gida suna kai da kawo ba mayafi, ba wanda ya lura. Tun daga nan nakan sa wani ya zauna a kujerar baƙo, a bar ƙofofi a buɗe yadda aka saba, a gwada kafin a huda bango. Haka kuma ba na sa shi a bangon alƙibla a ɗakin da ake salla, don kada mutum ya tsaya gaban Ubangijinsa yana ganin motsin kansa.

Sai abokan gabarsa uku a garin nan: laima, na'urar sanyaya ɗaki, da turaren wuta. Iskar Bahar Maliya cike take da danshi. Katako yana shan danshi ya kumbura, na'ura ta busar da shi ya tsuke, alli kuwa ba ya bin sa a wannan kai da komo, sai ya tsage ya ɓamɓare, ya tafi da zinariyar. Kada a rataye shi a ƙarƙashin na'ura ko a saitin iskarta. Kada a sa shi a bangon da bayansa banɗaki ne. A maƙala masa 'yan guntayen toshiyar kwalba a kusurwoyin baya don iska ta riƙa ratsawa tsakaninsa da bango. Masu tafiya hutu su kulle gida wata biyu a tsakiyar zafi, su sani firam ɗin yana jin wannan canji fiye da kowane kaya a ɗakin.

Turaren wuta kuwa, ba zan ce wa Bahaushiya ta daina turare ba, ni ma ban daina ba. Amma teburin da ke ƙarƙashin madubi shi ne wurin da kowa ke son ajiye kasko, hayaƙin kuwa yana da maiƙo, yana hawa ya kwanta a kan zinariya ya kama ƙura, a hankali ya zama baƙin danƙo a cikin furanni. A matsar da kaskon ɗaya gefen ɗaki, ƙamshi zai iso ko'ina.

Shara ma da ƙa'ida. Tunda da ruwa aka manna zinariyar, ruwa ne ke cire ta. Jiƙaƙƙen tsumma sau ɗaya ya isa ya tafi da abin da ya shekara ɗari a zaune. Burushi mai laushi busasshe kawai, irin na hodar fuska wanda ba a taɓa amfani da shi ba, a riƙa kaɗe ƙura a hankali, shi ma ba kullum ba. In za a goge gilashin a fesa maganin a tsumma, ba a kan gilashi ba, don kada ya gangara ya shiga ƙarƙashin firam ya ci azurfar baya. Duk gidan da na rataya irin wannan, nakan kira mai aikin gidan da 'yan matan gidan in nuna musu da hannuna, domin su ne masu shara, kuma tsabta ce za ta sa su ɓata shi. In wani ɗan yanki ya faɗo, a tsince shi a sa a ambulan. Usta yana iya mayar da shi gurbinsa da gam irin na asali. Gam ɗin kanti mai kamawa nan take ba ya fita, ya kan lalata wurin.

Babban madubi yakan kai kilo 30 ko fiye. Ƙusa ɗaya ba ta riƙe shi, igiyar da ya zo da ita kuma ta riga ta ruɓe ko da ta yi kama da mai ƙarfi. Maƙalai biyu, masu shiga bulo sosai, kowanne ya kama katakon firam ɗin, ba allon baya ba. Jingina shi a ƙasa yana da kyau a hoto, amma gidan da ke da yara masu rarrafe ba na yarda sai an ɗaure kansa da bango.

Abin da ya rage shi ne kamewa, kuma nan muke da rauni. Mu mutane ne masu son cika, tun zamanin jeren kwalla har rufi, kuma ina alfahari da wannan gado. Amma tsohon madubi ba ya son kishiya. In an kewaye shi da agogo mai ruwan zinariya, da labule mai ruwan zinariya, da furannin roba masu ƙyalli, sai ya ɓace a cikinsu, har ya zama shi ne mai kama da datti. A ba shi bango shi kaɗai, fari mai ɗan madara, ko kore mai duhu, ko ruwan ƙasa. A sa masa ƙwan fitila mai ɗumin haske. An yi shi ne a zamanin kyandir da fitilar mai, farin ƙwai mai ƙarfi yana kashe masa launi. Iyayen amare da ke zuwa mini da kuɗin madubai uku na roba, nakan ce, "Hajiya, ki haɗa kuɗin mu je haraj mu nemo guda ɗaya ɗan Dimyaɗ." Wasu sukan ce ba za a kai 'yarsu ɗaki da kayan gwanjo ba, kuma na fahimce su, dangin miji suna da baki. Waɗanda suka yarda dai, nasu yana nan, na robar kuwa araha ba ta ado.

'Yan uwa na gida Najeriya da Nijar da ke aiko mini saƙo in saya musu in sa a kago, ga abin da nake gaya wa kowa. Wanda nake zargin na zaiba ne ba na aikawa, hanya za ta girgiza shi ta kwantar da shi ta juya shi. Na azurfa ana iya aikawa, amma a akwatin katako da aka yi daidai da shi, a tsaye, da takarda mai laushi a kan zinariyar, kada salatif ko leda mai ƙurji su taɓa ta kai tsaye. Sannan katakon da ya shekara arba'in yana shan laimar Jidda, in ya sauka Kano ko Zinder a tsakiyar hunturu zai bushe da sauri, allinsa ya tsattsage. Gara ya isa da damina, a bar shi cikin akwatinsa kwanaki a ɗakin da zai zauna kafin a buɗe, in hunturu ya kama kuma a nisanta shi da taga da ƙofar da iska ke kaɗawa.